Amsa ga Yaya kan akwatin wifi, daga Liyon ta Faransa

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ku da iyali, da fatan Inna tana jin sauƙin ƙafa, yara kuma suna karatu. Saƙonku ya iso, kun ce in sayo muku irin akwatin wifi da kuka gani a ɗakina lokacin da muke magana ta bidiyo, tunda na gidan Birni ya gaza ɗaukar jama'a. Zan aiko da na'ura in Allah ya yarda, amma ba wannan ba, kuma ina so ku ji dalili kafin ku ce ƙaninku ya yi rowa.

Akwatin nan ba nawa ba ne. A Faransa kamfanin da ya ba ka intanet shi ke ba ka aronsa: Orange na da Livebox, Free na da Freebox, Bouygues na da Bbox. Ranar da ka bar kamfanin sai ka mayar masa da kayansa, in ba haka ba ya caje ka. Kuma ba shi da wurin sa layin waya. Zaren fiba ne ke shigowa ta bango ya shiga cikinsa, an kuma ɗaure shi da kamfani guda. In ya sauka Damagaram, fitila kawai zai kunna.

Abin da ke sa intanet ɗin nan daɗi yana ƙarƙashin titi, a cikin zaren. Mutum na biyan kamar euro 30 zuwa 40 a wata, wato jaka 20 zuwa 26 na sefa, babu ƙidayar jiga, kowa ya kalli abin da ya ga dama har gari ya waye. A gida kuwa kusan kowa ta iska yake samu, daga eriyar Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, forfe kuma, wato jigar intanet da ake saye, yana ƙarewa. To duk tsadar ruta, wato akwatin da ke raba wifi a gida, ba za ta ba ku fiye da abin da eriya ta aiko mata ba. Shi ya sa aikin farko naku ne: a ɗauki waya guda, a gwada layukan nan ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida da kan soro, musamman bayan isha'i lokacin da duk unguwa ke kan waya. Wanda ya fi tsayuwa a wannan lokacin shi za a sa wa na'urar.

Wadda zan nemo ruta ce ta 4G mai cin layi, wadda ba a kulle ta da kamfani ɗaya ba. Ku lura da wannan ko da a kasuwar Dole za ku saya, a sa layi biyu daban a gaban mai shago kafin a ba da kuɗi. A jikin kwali ana rubuta ajinta. Cat 4 iyakar gudunta mega 150, Cat 6 tana kaiwa 300 a takarda domin tana iya haɗa zango biyu na rezo a lokaci guda, in eriyar unguwa ta yarda da haka. Ba za ku ga waɗannan lambobi a aikace ba, amma Cat 6 ta fi jure cunkoso. Irin su TP-Link Archer MR600 da Huawei B535 sun wuce Cat 4, kuma ana iya ɗaura musu eriyar waje. Wannan ya fi komai daraja a wurina. Rufin kwano yana kashe rezo, eriya a kan sanda sama da rufi takan gyara abin da kuɗi masu yawa ba su gyara ba.

Ƙaramar ta aljihu da kuke amfani da ita yanzu don matafiyi aka yi ta. Gidanmu kuwa akwai ku, matanku biyu, samarin zaure, ga ɗiyarku mai karatu a Jami'ar André Salifou da kwamfutarta, ga baƙi. Nauyin ya fi ƙarfinta, kuma batirinta na kumbura in tana kwana tana wuni a caji cikin zafi.

Masu sayarwa a nan suna ta tallar Wi-Fi 6 da Wi-Fi 7, da lambobin gudu na dubbai. Gidan da ke da fiba zai mori wannan. Ku abin da kuke buƙata shi ne mai zango biyu, 2.4 da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma ba ya nisa, bango ɗaya mai kauri ya ishe shi. Na 2.4 ya fi ratsa gini. Ɗakunan haya a nan yawanci allon farar ƙasa ne siriri ya raba su, gidanmu kuwa katangar ƙasa ce ta kakanni mai kaurin kamu biyu, ga sassa a warwatse kewaye da tsakar gida. Ruta guda ba za ta kai daga zaure har sashen Inna ba. A ajiye ta a tsakiya, a sama, kusa da taga mai duban tsakar gida, kada a ɓoye ta bayan talabijin ko cikin kabad. Sashen da bai samu ba, a ja masa wayar intanet a sa ƙaramar ruta ta biyu. Jan waya ya fi waɗannan ƴan na'urorin ƙara rezo da ake soka wa bango, domin su sukan rage gudu kusan rabi.

Sai wuta da zafi, abin da Bature bai cika tunawa da shi ba in yana ƙera kaya. A takardar yawancin rutocin nan an rubuta su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. Mu kuwa mun san Afrilu da Mayu a Zinder, ɗakin kwano ya zarce haka da rana tsaka. In ta yi zafi sai ta riƙa katsewa, a ɗora wa kamfani laifi. A bar mata iska, kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, a riƙa hure ramukanta lokacin hunturu. Sa'ar da aka yi, volt 12 take ci kuma ba ta da cin wuta, kamar kwan fitila guda. Zan haɗo da ƙaramin batir da ake sawa tsakaninta da bango, in an ɗauke wuta ta ci gaba da aiki na wasu awoyi, ya kuma kare ta lokacin da wutar ta dawo da ƙarfi. Filogin Faransa zai shiga namu, ƙarfin wutar ma kusan ɗaya ne.

Abu guda da nake yi wa mutanen nan sha'awa shi ne doka na bayan mai saye. Sabon kaya yana da garanti na shekara 2, wanda aka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka mayar ko ba dalili. Sai dai wannan ba zai bi kaya har Nijar ba, don ba za mu riƙa aiko da ruta Liyon gyara ba. Saboda haka in kun ga irin wadda na ambata a Yamai ko Kano, wurin mai shagon da kuka sani wanda zai karɓa in ta ƙi, ku faɗa mini farashi, wataƙila turo kuɗin ya fi.

Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da samari ke ta zuga ku a kai, ya samu izini a Nijar, kuma yana aiki ko inda babu eriya. Amma yana cin wuta ninkin ba ninkin na ruta, ga kuɗin wata. Mu fara da mai sauƙin tukuna.

Ranar da ta iso, kafin kowa ya shiga, a canza lambar sirrin da ta zo da ita, ta wifi da ta shiga cikin saitinta duka biyu, a zaɓi tsarin kulle wifi na WPA2 ko WPA3. A buɗe wa baƙi da maƙwabta nasu wifi daban a cikin rutar, a rage masa gudu. Haƙƙin maƙwabci yana nan, amma kada ya ci karatun yarinya, don bidiyon mutum uku ya isa ya cinye forfen wata kafin sati ya zagayo. Ku turo mini sakamakon gwajin layukan, da hoton tsakar gida daga kan soro, in ga inda sandar eriya za ta tsaya. A gaida Inna ƙwarai.