Janareta ko Sola: Wanne Zan Saya?

Tun da layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a Oktoban 2024, Arewa ta shiga duhu, ake ta tambayata: janareta ko sola? Alkawarin wuta dai mun gaji da jin sa daga bakin shugabanni.

Janareta ya fi sauƙin saye, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kullum sai ya lashe aljihunka. Ga ƙara, ga hayaƙin da ke kashe mutane idan aka kunna shi cikin ɗaki.

Sola kuwa nauyinta a farko yake, sai batir da ke mutuwa bayan 'yan shekaru. A kiyayi na jabu.

Mai walda, janareta ya fi masa. Mai neman fitila, fanka da cajin waya, ya tara kuɗin sola.