Riƙe asusun kamfanonin fasaha mai arha ko bin sawun farashi: wanne ya fi wa ƙaramin mai jari?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya fi maka ka sayi asusun zuba jari mai arha da ke bin ma'aunin kamfanonin fasaha na Amurka (wato jerin kamfanonin da ake auna tashi da saukar farashin hannayen jarinsu a dunƙule) ka ajiye shi shekaru, ko kuwa ka riƙa shiga kana fita bisa alamar da ke nuna cewa farashi ya ɗauki hanyar hawa ko ta sauka. Na farkon yana amsa tambayar abin da za ka mallaka ne, na biyun kuma yana amsa tambayar yaushe za ka riƙe shi, don haka ainihin abin da za a auna shi ne ko ƙara alamar a kan asusun yana biyan kuɗin da yake ci.

Bari mu fara da asusun. Tun da John Bogle ya buɗe wa talakawan masu jari asusun bin ma'auni a kamfanin Vanguard a 1976, hujjar ba ta sauya ba: babu manajan da za a biya don ya zaɓi hannun jari, saboda haka kuɗin kulawa kaɗan ne. QQQ na kamfanin Invesco, wanda aka fara a Maris 1999, yana bin ma'aunin Nasdaq-100 kuma yana cin kusan kashi 0.2 cikin 100 a shekara, wato dala 2 a kan kowace dala 1,000. VGT na Vanguard, wanda aka buɗe a 2004, yana cin kusan rabin haka. Amma kada arhar ta sa ka ɗauka abin da ke cikinsu ɗaya ne. QQQ yana ɗauke da manyan kamfanoni 100 na kasuwar Nasdaq ban da bankuna da makamantansu, shi ya sa za ka tarar da PepsiCo da Costco a ciki tare da Apple da Microsoft. VGT kuwa ba ya ɗauke da Amazon, kuma tun bayan sake rarraba sassan kasuwa a 2018 babu Alphabet da Meta a cikinsa, har ta kai Nvidia da Microsoft da Apple su uku kaɗai suna riƙe da fiye da kashi ɗaya bisa uku na dukan asusun.

Haɗarin riƙewa ba tare da fita ba yana nan a rubuce cikin tarihin kasuwar. Ma'aunin Nasdaq gaba ɗaya ya kai 5,048 a ranar 10 ga Maris 2000, ya faɗi da kusan kashi 78 cikin 100 zuwa Oktoba 2002, kuma bai koma wancan matsayi ba sai a 2015. Wanda ya zuba kuɗin auren 'yarsa ko na ginin gida a farkon 2000 ya yi jiran shekara 15 kafin ya ga farashin da ya saya. A 2022 ma Nasdaq-100 ya zubar da kusan kashi 33 cikin 100.

Wannan tsoron ne ya sa dabarar bin sawun farashi take da farin jini, kuma tana da tushe a binciken ilimi. A 1993 Narasimhan Jegadeesh da Sheridan Titman sun nuna cewa hannayen jarin da suka fi tashi cikin wata 3 zuwa 12 da suka wuce sukan ci gaba da fin sauran na wasu watanni. Sai dai ka lura, su sun gwama kamfanoni masu yawa ne da junansu, kai kuwa maganar shiga da fita daga asusu guda kake yi. Abin da ya fi kusa da tambayarka shi ne ƙa'idar da Meb Faber ya wallafa a 2007: a ƙarshen kowane wata ka duba farashi, idan yana sama da matsakaicinsa na wata 10 ka riƙe, idan ya sauko ƙasa ka sayar ka zauna da kuɗinka. Wasu suna amfani da matsakaicin kwana 200, wanda kusan abu ɗaya ne. Babban abin da binciken nasa ya nuna shi ne raguwar zurfin asara, ribar kuwa ba ta yi wa ta mai riƙewa wani nisa ba.

Irin wannan ƙa'ida tana aiki ne idan faɗuwa ta zo a hankali ta daɗe. Da ka bi ta a 2000, da ta fitar da kai a cikin shekarar, kafin mafi munin zubewar da ta biyo baya. Idan faɗuwar ta zo da gaggawa kuwa, labarin yakan juya. A 2020 kasuwa ta kai ƙololuwa a 19 ga Fabrairu, ta rushe cikin kimanin wata guda saboda annobar korona, farashin Nasdaq-100 ya nutse ƙasa da matsakaicin kwana 200 a Maris, ya sake hayewa a Afrilu, zuwa Yuni kuma ya kafa sabon tarihi. Mai bin alamar ya sayar da araha ya sake saye da tsada, alhali mai riƙewa bai biya kowa sisi ba kuma ya ƙare shekarar da ƙarin sama da kashi 40 cikin 100. Haka abin yake maimaituwa duk lokacin da farashi yake kai-kawo a gefen layin: alama ta ce fita, bayan makonni ta ce dawo, kowane zagaye yana gutsurar jarin.

A nan ne halin da muke ciki ya shigo lissafi. Mai saye daga Najeriya ta manhajar waya yana biyan la'adar dillali a kowane ciniki, kuma ya riga ya yi asara wajen canza naira zuwa dala. Idan la'adar ta kai kashi 1 cikin 100, fita ɗaya da dawowa ɗaya sun cinye kuɗin kulawar QQQ na kusan shekara 10, kuma ke nan arhar da ta jawo ka ta tafi. Harajin kashi 30 cikin 100 da Amurka take cirewa daga rabon riba na ɗan Najeriya yana kan kowa, amma la'adar tana kan mai yawan ciniki ne kawai. Brad Barber da Terrance Odean sun bi asusun gidaje sama da 66,000 na Amurka daga 1991 zuwa 1996, suka tarar waɗanda suka fi yawan ciniki sun samu kashi 11.4 cikin 100 a shekara lokacin da kasuwa ta ba da kashi 17.9.

Akwai kuma batun addini, wanda na san yana damun da yawa daga cikinmu. QQQ da VGT ba a tace su bisa sharuɗɗan Shari'a ba. Asusun SPUS da na HLAL, waɗanda aka fara a 2019, an tace su, kamfanonin fasaha sun yi musu yawa sosai, amma kuɗin kulawarsu yana wajen kashi 0.5 cikin 100. Sannan mai bin alama yakan ajiye kuɗinsa a takardun bashin gwamnati masu ruwa idan ya fita kasuwa, kuma wani ɓangare na ribar da ake nunawa a gwaje-gwajen dabarar daga can yake fitowa. Wanda ba zai karɓi kuɗin ruwa ba, sakamakonsa zai gaza abin da ya gani a takarda.

Shawarata gare ka ita ce ka riƙe asusun mai arha, ka riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk wata, amma ka taƙaita shi ga adadin da ko ya ragu da rabi ba za ka taɓa kuɗin abinci ko na makarantar yara ba, ragowar kuma ka sa a asusu mai faɗi irin na ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500, wato S&P 500, ko wanda aka tace. Idan ka san zuciyarka ba za ta jure irin abin da ya faru a 2000 ba, to ka ɗauki ƙa'idar wata 10 a matsayin kariya mai tsada, ka rubuta ta tun kafin ka saya, ka duba sau ɗaya a ƙarshen wata, kuma ka fara tambayar dillalinka nawa yake cira a saye da nawa a sayarwa.