Shafin da ake biya ko na kawunti, wanne ya fi wajen duba warantin kamu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A nan Amurka, tsakanin shafukan nan da ake biya a duba sunan mutum da shafin gwamnati na kawunti (kamar ƙaramar hukuma ke nan a gida), wallahi kar ka ɓata kuɗinka, na kawunti za ka bi sannan ka haɗa da kiran akawun kotu a waya. Tunda ka ce zaman kotu ne na tikitin mota ya wuce ka kuma kana shirin zuwa gida a Disamba, to satin nan za ka yi shi, kar ka bari sai ka yanki tikitin jirgi.

Na biyan kuɗin na taɓa sayen ɗaya, wai gwaji dala 1, wata na zagayowa na ga an zare kusan dala 30 a katina, abin da suka ba ni kuwa tsofaffin adireshina ne da sunayen mutanen da ban taɓa gani ba wai dangina. Amfaninsa bai wuce neman tsohon aboki da ya ɓace ba. Su sarin bayanai suke yi daga nan da can su tara, shi kuwa waranti alƙali zai iya sa masa hannu jiya ko ya janye shi yau da safe, ina za su sani? A 2023 ma hukumar FTC mai kare masu saye ta ci wasu manyan kamfanoni biyu masu wannan sana'ar tarar dala miliyan 5.8, cikin abin da aka kama su da shi har da tsorata mutane cewa wane yana da tarihin aikata laifi, kana biya ka buɗe sai ka tarar tikitin mota ne kawai.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne babu wuri guda a Amurka da ni da kai za mu sa suna mu ga waranti na duk ƙasar. Kawunti sun fi 3,000, kusan kowacce da sherif ɗinta, wato shugaban ƴan sandan kawuntin, da kotunanta da yadda take ajiye takardunta. Rumbun da ya haɗa ƙasar gaba ɗaya shi ne NCIC na hukumar FBI, tun 1967 yake, shi ɗan sanda ke taɓawa a kwamfutar motarsa in ya karɓi lasisinka, kuma a rufe yake ga farar hula. Saboda haka duk wanda ya ce maka kawo dala kaza ya duba maka jihohi 50 a minti biyu, ka san ba can ya shiga ba.

Ƙanin matata Uber yake ja a nan Houston, an taɓa ba shi tikitin gudu a hanyar Dallas, ya sa a aljihun mota ya manta, kuma a tsakanin ya canja gida, takardar kotu ta tafi tsohon adireshi. Da hankalinsa ya dawo kan abin yaron nan ko abinci ba ya iya ci, in ya hango motar ƴan sanda a madubi sai gumi. Muka zauna a falo bayan isha'i muka sa sunansa a shafin sherif na Harris, kawuntin da Houston take ciki, ba komai, har ya fara alhamdulillahi, yayarsa ta ce a'a ku nemo tikitin dai. Aka nemo shi duk ya yamutse, sai ga sunan wata ƙaramar kotu a wata kawunti daban a ƙasan takardar da lambar wayarta. Da safe ya kira. Wata dattijuwa ce ta ɗauka, Allah ya saka mata, ta sa ya karanto sunansa harafi-harafi saboda Abubakar ɗin ya ba ta wuya, ta tambayi ranar haihuwa da lambar tikitin, ta ce e akwai waranti na rashin halarta, ta faɗa masa adadin kuɗin beli da hanyoyin da zai bi a ɗage shi, ta ce ya ɗauki biro ya rubuta lambar shari'ar, har ta maimaita masa don kar ya yi kuskure. Ko sisi bai biya ba a wannan. Ya ɗauki lauyan tikiti, lauyan ya tsaya masa beli aka ɗage warantin aka sa sabuwar rana. Tun daga nan kowa ya tambaye ni sai in ce ina tikitin, karanta ƙasansa.

Ka lura da wannan sosai, inda aka tsayar da kai shi ne magana, ba inda kake kwana ba. Kuma ko cikin gari ɗaya kotunan sun rabu. A Houston shafin sherif na Harris warantin ƙananan laifuka ajin A da B yake nunawa, tikitin da ɗan sandan birni ya rubuta kuwa yana kotun birni, shafinsu daban. Wasu jihohin sun fi sauƙi, Florida hukumarsu ta FDLE tana da wurin duba waɗanda ake nema na duk jihar kyauta, Maryland suna da shafi guda na duba shari'o'in kotunansu, ƴan'uwanmu na Bronx a New York kuma akwai WebCrims da ke nuna shari'ar da ke da zama a gaba. Ka tabbata dai daga shafin gwamnatin ka shiga, da yawansu adireshin yana ƙarewa da .gov ko .us, don in ka rubuta a Google na farko-farkon da ke fitowa talla ne na masu sayarwa, har tambarin tauraro suke sawa kamar na sherif.

In sunan ya fito kar ka rikice, karanta a hankali. Ka fara da ranar haihuwa da sunan tsakiya, mu da Muhammad da Ibrahim da Musa suka yi mana yawa, ga waɗanda fasfonsu duk 1 ga Janairu ne, abu ne mai sauƙi ka ga na wani ka ɗauka naka. Sannan ka ga wane iri ne. Akwai warantin kamu na zargin laifi, wanda ɗan sanda ya kai wa alƙali hujja ya sa hannu, akwai kuma wanda alƙali ke bayarwa daga kan kujerarsa saboda an kira ka ba ka zo ba, za ka ga an rubuta FTA ko bench warrant, a Texas wani lokaci capias. Naka in akwai wannan na biyun ne. In ka ga Active yana nan da ransa, Recalled kuwa an janye. Kuma ba ya ruɓewa don an daɗe, shekara goma yana nan yana jira har sai alƙali ya ɗage.

Inda shafin kawunti ya gaza shi ma zan faɗa, rashin ganin suna ba wanki ba ne. Wasu kawunti ba sa sawa a intanet sam, wasu sai bayan kwanaki suke sabuntawa, waranti na tarayya kuma sau da yawa a rufe yake har sai an kama mutum. Takardar kamu ta ICE ma wani abu ne daban, jami'in shige da fice ke sa mata hannu ba alƙalin kawunti ba, ba za ka gan ta a can ba. Shi ya sa na ce ka haɗa da waya.

Kar ka ɗauki ƙafa ka tafi ofishin sherif wai ka je tambaya, in akwai waranti a nan take za su iya riƙe ka. Kuma in girin kad gare ka ko takardunka na hanya, kar ka yi saurin amsa laifi don kawai a gama, a Texas biyan tikiti ma kamar amsa laifi ne, yana hawa rikodinka. Na gudu kawai da sauƙi, amma in da tuƙi ba lasisi ko wani abu da ya fi haka, ka sa lauya ya duba ta ɓangaren shige da fice, tun 2010 kotun ƙoli ta ce dole lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba in amsa laifin zai iya jawo masa kora. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa ma yana tambayar ko an taɓa kama ka ko ba ka tikiti. Ga maganar dawowa, a filin jirgi jami'an kan iyaka suna duba suna, ba ka son abin ya fito a can kana riƙe da jakunkuna iyali na jira a waje.

Ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, da zarar ka fara zuba sunanka da lambarka a shafukan banza ka shirya karɓar waya. Wani zai kira da murya mai kauri ya ce shi mataimakin sherif ne, lambar da ta fito a wayarka ma ta ofishin ce don suna iya ƙirƙirar ta, ya ce akwai waranti a kanka ka biya yanzu da katin kyauta na kanti ko manhajar tura kuɗi ta Zelle ko injin Bitcoin, kuma kar ka kashe wayar. Ƴan damfara ne, kotu ba ta karɓar tara ta haka. Har cewa suke ka ƙi zuwa aikin juri, wato mutanen gari da kotu ke kira su taya ta yanke hukunci, alhali wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya ma zaman juri. Kashe wayar ka kira lambar da ke jikin tikitinka. Haka dillalan beli, na gaskiyan suna da lasisi kuma kason da suke karɓa, galibi 10 cikin 100 na kuɗin belin, ba ya dawowa, ka ji daga bakin kotu tukun kafin ka ba kowa kuɗi, ko da ɗan gida ne ya ce ya san wani a ciki.

Nemo tikitin yau, in ya ɓace ka tuna garin da aka tsayar da kai ka nemo kotun wurin, gobe da safe ka kira da lambar lasisinka a hannu. In sun ce akwai, lauyan tikiti na wannan kawuntin za ka nema ba na garinku ba. Allah ya sa a ji alheri.