Likita mai rubuta magani ko mai zaman tattaunawa? Amsata ga Maman Hanan

Wa alaikumus salam Maman Hanan, Allah ya bai wa 'yar tamu lafiya. Tunda kin ce BPD aka faɗa muku tana damun 'yarki, wato larurar da ke sa motsin zuciya da mu'amala da mutane su riƙa sauyawa da tsanani, tsakanin likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayyar ɗan Adam da kike tambaya, na biyun za ki riƙe. Na farkon ku je ya buɗe muku ƙofa, amma ba wurinsa za ku zauna ba.

Ƙanwata ce ta koya mini wannan, wadda ke hannuna tun rasuwar Ummanmu. Aurenta na fari bai kai shekara ba. Miji ya yi rabin awa bai amsa saƙo ba, ta gama yanke hukuncin ya tsane ta, ta jera masa kira har wayar ta mutu. Da safe ni ce uwa ni ce uba, la'asar na yi na zama babbar maƙiyiyarta. Dangi suka rabu biyu, masu cewa aljanu da masu cewa sangarta. Ni ban farka ba sai ranar da na lura a zafin nan na watan Afrilu ba ta taɓa naɗe hannun riga, na matsa mata, na ga tabon abin da take yi wa jikinta.

Wani asibitin kuɗi muka fara zuwa. Kowane zuwa minti biyar ne: "Kina barci? Kina cin abinci?" sai a ƙara ƙwaya. Har ta kai kala huɗu. Ta yi ƙiba, tana wuni kwance, fushin kuma na nan inda muka bar shi. Awarwarona biyu suka tafi a nan, kuma har gobe ina jin haushinsu. Daga baya na gane wannan larura ba ta da ƙwayar da aka yi dominta. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta faɗa tun 2009 cewa kada a ba da magani don BPD ita kanta, sai don abin da ya raka ta, kamar ciwon damuwa. To, ba zan ci haƙƙin likitan ƙwaƙwalwa ba: shi ne zai tantance ko BPD ce ko ciwon nan na hawa da sauka da suke kira baifola, don suna kama sosai, shi kuma baifola magani yake buƙata da gaske. Iyakar yabon da zan yi ke nan.

A asibitin koyarwa aka tura mu wurin wata baiwar Allah masaniyar halayya, ofishinta kujera uku ne da fanka mai ƙara. Ranar farko ta ce in jira a waje. Raina ya sosu, ni da na biya kuɗin Adaidaita. Ƙanwata ta yi kusan awa guda a ciki, ta fito ido jajir da ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare. Aikin da aka ba ta: kowane dare ta rubuta lamba daga 0 zuwa 5, fushi nawa yau, tsoron a guje ta nawa, son cutar da kai nawa. In mako ya zagayo su ɗauki rana mafi muni su warware ta kamar zare. Me ya faru kafin ki fasa wayar? Kafin nan fa? Me kika ji a jikinki? A haka ta gano yawancin rigimarta na tashi ne a ranakun da ta kwana tana danna waya ba ta yi barci ba.

Wani dare na ji motsi a tsakar gida, na leƙa, sai ga ta durƙushe ta tsunduma fuska a robar ruwan ƙanƙara. Na zaci wani sabon abu ne ya same ta. Ta ɗago ta ce, "Yaya, bar ni, aiki nake." Ashe dabara ce: ruwan sanyi a fuska tare da riƙe numfashi na ɗan lokaci yana rage gudun zuciya, guguwar ta lafa kafin mutum ya aikata abin da-na-sani. (Mai ciwon zuciya ban da shi, sai ya tambayi likita.) Daren nan ba a fasa komai ba, ba a kira kowa ba. Na koma ɗaki na yi kuka.

Sunan wannan tsarin DBT. Wata Ba'amurkiya, Marsha Linehan ta Jami'ar Washington, ita ta tsara shi, kuma a 2011 ta fito fili ta ce ita ma an taɓa kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa tana budurwa. Abu huɗu ake koyarwa: tara hankali a kan halin da ake ciki, jure ɓacin rai ba tare da ɓarna ba, sarrafa motsin zuciya, da iya zama da mutane. Cikakkensa kan ci kusan shekara, har da zaman rukuni. Mu ba mu samu na rukunin ba, na mutum ɗaya muka yi, ya kuma amfane mu. Kada ki sa ran ganin canji a wata guda. Tamu sau biyu tana fushi da matar ta daina zuwa, sau biyu tana komawa da ƙafarta.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Da zarar an ji kina da mara lafiya irin wannan, 'yan kasuwa za su yi miki caa. Akwai masu kiran kansu masana a TikTok da Instagram, sai kin tura kuɗi sannan su saurare ki. Tambaye su a wace jami'a suka yi digiri na biyu a fannin halayya na asibiti, a wane asibiti suka yi horo, ki ga yadda za a fara kame-kame. Likita kuwa dole ya kasance da rajistar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Akwai masu jarka da hayaƙi da ke alkawarin sati biyu. Addu'a da ruƙiyya mun yi, muna kan yi, amma duk wanda ya ce a daina zuwa asibiti, ko ya ce a bar masa yarinya ta kwana, tashi ki bar wurin. Ba a manta da mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gidan da ake cewa na gyaran tarbiyya ne a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, wasu da mari a ƙafa. Sai mai kemis da zai miƙo miki Valium ya ce zai kwantar mata da hankali. Jiki na sabawa da shi, ki wayi gari da matsala biyu.

Ki nufi na gwamnati. In Kano kike, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai Dawanau. Kaduna akwai na tarayya a Barnawa, Zariya akwai Shika, Sakkwato akwai Kware, Maiduguri ma da nata. Likita na gama dubawa ki ce da bakinki kina so a haɗa ku da masanin halayya, ki tambaya ko ya san DBT, in babu ko CBT, wani tsarin zaman tattaunawa na gyara tunani da ɗabi'a, ku fara da shi. In namiji zai hana ta sakin jiki, ki nemi mace, ba abin kunya ba ne.

Duk maganin da aka rubuta ya zauna a jakarki, ke za ki riƙa ba ta. Ranar da ta ambaci kashe kanta kada ki ce neman magana take, kada ki jira ranar asibiti, a daren ku tafi sashen gaggawa. Ku yi sammako ranar farko don layin kati, kuma in an ce ki jira a waje, ki jira.