Internet Archive ko GitHub: ina za mu kafa rumbun tsofaffin shirye-shiryenmu na kwamfuta?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanenmu na Mabera ya yi tambaya shekaranjiya, kuma ba tambaya ce ta amsar layi biyu ba. Ya ce kayan da muka tara sun fara yawa: faya-fayan fulofi, kaset-kaset, littattafan koyon harsunan rubuta manhaja irin su BASIC da Pascal, har da takardun darasi da aka buga da tafireta. Yana so mu buɗe rumbu guda a intanet, inda duk mai son koyon rubuta manhaja a kan tsofaffin kwamfutoci zai je ya ɗiba. Sai ya ce, a ina ya fi, Internet Archive ko GitHub? Na taɓa aiki da kowannensu, ga abin da na gani.

Ƙanena, bari in fara sallamar Google Drive da wasu suka kawo. Gigabait 15 na kyauta ba laifi, amma rumbun yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, kuma tun Disambar 2023 kamfanin yana iya share asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Wurin miƙa wa juna fayil ne, ba wurin ajiyar shekara ashirin ba.

Internet Archive ɗakin karatu ne. Brewster Kahle ya kafa shi a 1996 a San Faransisko ta Amurka, ba don neman riba ba. Za ka buɗe asusu kyauta, ka ɗora abu, ka rubuta bayaninsa, ya samu adireshinsa na kansa. Idan littafi ka ɗora, na'urarsu za ta karanta hoton shafukan ta fitar da rubutu, har mutum ya iya neman kalma a ciki. Idan shirin DOS ne, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutocin da, ana iya saita shi ya tashi a cikin burauza da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, ɗalibi ya ga QBasic, inda ake rubuta shirin BASIC, da shuɗin allonsa ba tare da ya mallaki tsohuwar kwamfuta ba.

GitHub kuwa shagon aiki ne. An buɗe shi a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018, kuma an gina shi ne a kan Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Aikin Git shi ne ajiye rubutun manhaja tare da tarihin duk wani gyara: wa ya canza, yaushe, wane layi. Tsofaffin kaya ba baƙi ba ne a can. Microsoft da kansa a nan ya saki rubutun MS-DOS 1.25 da 2.0 a 2018, na GW-BASIC a 2020, na MS-DOS 4.0 a 2024.

Wajen girman fayil ba sai an ja magana ba. GitHub ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce megabait 100, idan ma ta burauza za ka ɗora, 25 ne iyaka. Littafi mai shafi ɗari uku da aka yi wa sikanin mai kyau yana iya tsallake wannan. Internet Archive zai karɓe shi ba gardama. Fulofi kam ba ya tsorata kowa: megabait 1.44 ne, ƙaton nan mai inci 5.25 na DOS kilobait 360, hoton faifan kwamfutar Commodore 64, wato cikakken kwafin abin da ke cikinsa a fayil ɗaya, kusan kilobait 170. Fulofi ɗari ba su kai nauyin fim ɗaya a waya ba.

Inda hanyoyin suka rabu da gaske shi ne wajen gyara, kuma nan nake so ka tsaya da ni.

Yawancin shirye-shiryen da ke cikin littattafan nan bugawa aka yi a takarda don mai karatu ya kwafe su da hannunsa. Na gwada barin na'ura ta karanto min wani shiri mai shafi huɗu daga hoton littafi. Ta mai da sifiri harafin O, ta mai da 1 ƙaramin harafin l, a wani layin DATA kuma ta haɗiye waƙafi ɗaya. Da ido ba ka ganin komai. Na buga RUN, shirin ya tsaya a layi na 340. Na gyara, ya sake tsayawa gaba kaɗan. Dare biyu na yi ina bin lambobi da bakin biro, littafi a cinya, kafin ya tashi. Bayan mako guda wani ɗan'uwa ya gano wani kuskuren da ya wuce ni, wanda ma tun a wurin ɗab'i aka yi shi.

A Internet Archive, mai asusun da ya ɗora abu ne kawai ke iya canza shi, kuma in ya sauya fayil, mai zuwa daga baya ba zai ga me aka taɓa ba. A GitHub ɗan'uwan nan zai turo gyaransa, mu ga tsohon layi da ja, sabo da kore, mu tattauna, mu karɓa, sunansa ya zauna a jikin gyaran. Mu mutanen Sakkwato mun san wannan tsari tun kafin kwamfuta. Duk wanda ya taɓa buɗe gafaka ya ga rubutun hannu na malamanmu, ko ya leƙa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ya san cewa mai kwafi na ƙwarai ba ya goge kuskure ya yi shiru. A gefen shafi yake rubuta gyaran, a ƙarshe kuma sau da yawa ya faɗi sunansa. Git haka yake yi.

Sai dai akwai tarko. Git rubutu zalla yake iya kwatantawa, alhali GW-BASIC idan ka ce masa SAVE kawai, a dunƙule yake ajiye shirin, in ka buɗe da wata manhaja sai ka ga tarkace. Dole a ƙara waƙafi da harafin A a ƙarshen umarnin, wato SAVE "GADO.BAS",A, sannan ya fito a rubutun da kowa zai karanta. Duk wanda zai kawo mana shiri ya riƙe wannan.

Wajen sauƙi, gaskiya Internet Archive ya yi gaba. Wanda ya iya ɗora hoto a Facebook zai iya ɗora littafi a can. GitHub sai an zauna an koya, kuma na san cikin dattawanmu akwai waɗanda suka rubuta shirye-shiryen dBase, manhajar ajiye bayanai, tun ba a haife ka ba amma ba za su so a ɗora musu wannan karatun yanzu ba. Ba komai, su miƙo, matasa su shigar. A madadin wahalar koyon, Git yana ba mu abin da ya dace da halin da muke ciki na wuta da sabis: sau ɗaya za ka sauke rumbun gaba ɗaya da tarihinsa, ka yi aikinka ko babu data, ranar da sabis ya yi kyau ka tura. Kowane mai aiki yana da cikakken kwafi a kwamfutarsa.

Wannan ya kawo ni ga ɗorewa. Kada mu ruɗi kanmu cewa wani wuri a intanet dutse ne. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, shafukan masu sha'awar kwamfuta da yawa suka tafi da shi. Internet Archive kansa ya yi kwanaki a rufe a Oktoban 2024 bayan harin masu kutse, kuma ya sha kaye a shari'ar da manyan kamfanonin ɗab'i suka kai shi kan ba da aron littattafai. GitHub na kamfani ne, dokarsa tana hannunsa. Dukansu biyu suna sauke abu idan mai haƙƙin mallaka ya yi ƙorafi. Don haka kowace hanya muka bi, sai mun ajiye kwafi a faifan ajiya guda biyu, a gidaje biyu daban. Kuma asusun ya zama na ƙungiya, da imel na ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba. A Internet Archive ma imel ɗin mai ɗorawa yana fitowa cikin bayanan fayil.

Shawarata ita ce a raba musu aiki. Abin da muka tsinta kamar yadda yake, wato hoton littafi, hoton fulofi ɗungurungum, sautin kaset, ya tafi Internet Archive, kada a sake taɓa shi. Abin da za mu ci gaba da gyarawa, wato rubutun shirye-shirye, bayaninsu da Hausa, da fihirisar da ke nuna inda komai yake, ya zauna a GitHub. Shafin fihirisar ma GitHub Pages zai ɗauke shi kyauta. Kowane shiri a rubuta masa na'urar da yake gudana a kai, da harshen da aka rubuta shi, da inda aka samo shi, da manhajar kwaikwayon da aka gwada shi da ita, DOSBox ce ko VICE ko Fuse.

Amma in ka matsa min in ce da wanne za a fara, Internet Archive zan ce, kuma ba da littattafan Turawa ba. Littafin Commodore 64 na 1982 ko na kwamfutar ZX Spectrum, mutanen Ingila da Amurka sun riga sun ɗora su tuni, mu nuna hanyar zuwa gare su kawai. Abin da babu wanda zai ceto sai mu shi ne namu: shirin lissafin gado da wani malami ya rubuta da BASIC, na lokutan sallar Sakkwato, aikin kammala karatu na ɗaliban kwamfuta, takardun darasi masu misalai da naira da buhun gero. A cikin wasunsu za ka ga yadda mutum ya yi dabarar rubuta Hausa a injin da ba shi da ƙ, ɗ ko ɓ. Wannan shi ke ci min rai, domin shi ne ke lalacewa. A nemi izinin mai shi ko iyalansa kafin a ɗora. Fayilolin dBase kuma a buɗe su a duba tukuna, don wasu na ɗauke da sunayen mutane da albashinsu, irin wannan ba ya zuwa intanet.

Ni kaina na yi asara. Kwali guda na fulofi na bari a ɗakin ajiya mai rufin kwano, ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu shekara da shekaru. Ranar da na saka na farko, injin ya yi ta ƙarar gurzawa, sai allo ya rubuto "Abort, Retry, Fail?". Na ja murfin ƙarfen da yatsa, na ga zobe siriri a jikin baƙin faifan, inda ƙwayar ƙura ta kankare shi. Shirin farko da na taɓa rubutawa yana kan wannan faifan.

Saboda haka, ƙanena, kada ka saka kowane faifai a inji don ka ga ko yana aiki. Karatun farko yana iya zama na ƙarshe, shi ya sa a wannan karon ake ɗaukar hotonsa gaba ɗaya. Ina da injin fulofi mai USB da ke karanta masu 1.44, kuma zan tsaftace kan da yake karanta faifai da shi kafin Asabar. Manyan nan na 5.25 a bar su a inuwa tukuna har mu samu tsohon inji da na'urar Greaseweazle mai haɗa shi da kwamfutar zamani. Wanda zai kawo nasa ya naɗe su a leda, ya nisanta su da lasifika saboda maganaɗisu, kuma don Allah kada a bar su a but ɗin babur cikin rana.