Madubin kallon jariri a mota: mai mannewa ko mai igiya?

Tunda na sa kujerar Ummi ta kalli baya ban ganin komai sai ƙeyar kujera, shi yasa na gwada madubi kala biyu. Mai robar da ake mannawa a gilashin baya yafi araha amma wallahi zafin Katsina baya barinshi, ranar muna hanyar Daura roba ta saki ya faɗo tim gefen yarinya, Allah dai ya tsare. Mai igiya kuwa a matashin kujerar baya ake ɗaureshi tamau, ga faɗi, ta madubin gaba kina hango fuskarta har ƙafa, ko gargada bata karkatar dashi sosai. Ni shi na riƙe. Ki dai nemi mai igiyar da madubinshi na roba ne ba kwalba ba, kwalba in ta fashe matsala ce.