Neman alaƙar sunan gida da sarautar Sikotland: inda ya kamata a fara kashe kuɗi

Duk wanda sunan gidansu Campbell ne ko Stewart ko MacDonald, yake kuma son sanin ko yana da jinin masu sarautar Sikotland, ya sani tun farko cewa suna kaɗai ba hujja ba ne. Talakawa da yawa sun ɗauki sunan shugaban zuriyar da suka zauna a ƙasarsa, bayi kuma a Jamaika an laƙaba musu sunayen iyayengijinsu.

Hanyar da na fi amincewa da ita, wadda kuma ta fi araha, ita ce shafin ScotlandsPeople na hukumar adana takardun ƙasar. Duba jerin sunaye kyauta ne, sai mutum zai buɗe hoton takarda yake biya. A nan ake samun rajistar haihuwa da aure da mutuwa tun daga 1855, da littattafan coci waɗanda mafi tsufansu ya kai 1553, da ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921. Takardar mutuwa ta Sikotland takan ambaci iyayen mamaci duka biyu, har da sunan gidan su mahaifiyar kafin ta yi aure, don haka takarda guda kan buɗe wa mai bincike ƙofar kakanni.

Gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ya fi tsada, ga kuma nau'i biyu daga cikinsa. Gwajin Y, irin na kamfanin FamilyTreeDNA, yana bin tsatson uba, wato hanyar da sunan gida ke bi, amma maza kaɗai ake yi wa. Gwajin gama-gari irin na kamfanin AncestryDNA yana da amfani wajen gano dangi na kusa, sai dai ba ya nisa cikin kakanni. Ƙwararren mai bincike daga ASGRA, ƙungiyar masu binciken asalin iyali ta Sikotland, ya cancanci kuɗinsa ne idan takardun intanet sun ƙare, aka buƙaci shiga ma'ajiya a Edinbura.

Abin da nake jan kunne a kansa shi ne allon tambarin gida (alamar da ake zanawa a siffar garkuwa) da ake sayarwa, da ɗan filin da bai wuce taku ɗaya ba wanda ake cewa yana mai da mutum basarake. A Sikotland tambari mallakin mutum guda ne, kotun Lord Lyon, jami'in da ke kula da tambura, ce ke bayarwa, tana kuma riƙe da rajistarsa tun 1672. Irin wannan fili kuwa doka ba ta yarda a yi masa rajistar mallaka ba, kotun ma ba ta ɗaukarsa a matsayin hujjar ba da tambari.